Shuɗin Boksin Baba

Shekara goma sha ɗaya tana tsugunne a tsakar gidanmu a Mai Wurno,
kan duwatsu huɗu, ba taya,
kaji sun yi kwanci a mazaunin direba.
A kasuwar Sinnar boksi suke ce mata.
Baba, a-kori-kura yake cewa,
wai haka kakansa zai kira ta da ya ga mota.

Na fara gurza ran Asabar.
Samfefa ta ci yatsuna kafin ta ci tsatsa.
Ƙarƙashin fari na iske kore,
koren shekarar da riɗi ya yi kuɗi a Gadarif.
Ƙarƙashin kore ruwan ƙasa, aikin wani maha'inci
da ya shafe har kan makulli.
Can ƙasa, dab da ƙarfe,
sai ga shuɗi.
Na ajiye samfefar. Na daɗe ban ɗauka ba.

Murfin tanki na kwance na kai wa Abdul-Ƙayyum,
cikinsa rana ba ta taɓa gani ba.
Ya ɗiga baƙi, ya dama, ya ɗiga fari,
ya kai bakin ƙofa ya kanne ido ɗaya.
Ya ce, kamfanin ma ya manta wannan launi,
amma ga ɗan'uwansa.

Lotsawar ƙofar hagu na bari.
Bijimi ne, a hanyar Singa, da asuba.
Bara'u maƙwabci ya ce in cike ta, mota sai ta yi santsi.
Na cike sauran duka.
Ba na shafe abin da Baba ya ba da labarinsa sau ɗari
yana ƙara wa bijimin ƙaho.

Ran feshi muka tashi kafin ladan.
Sa'adiyya ta yayyafe tsakar gida da ruwa, ƙasa ta kwanta,
muka rufe gilasai da tsofaffin jaridu,
muka ɗaure tabarmi tsakanin dalbejiya da katanga.
Kwampureson aro ya yi tari, ya kama.
Na naɗe hanci da rawani.
Hagu zuwa dama, kar ka tsaya, kar ka yi rowa, kar ka yi ɓarna.
Na tsaya. Fenti ya zub da hawaye a kafaɗarta,
dogo, har ƙasa.
Ana shafi na biyu aka ɗauke wuta.
Muka zauna muna shan jabana, ƙamshin citta da warin tina,
muna gadin ƙuda kamar masu gadin gero.
Ɗaya dai ya faɗa. Yana nan kan bonet, fiffike a buɗe.

La'asar sakaliya Inna ta fito.
Tun rasuwar ba ta bi ta wannan gefen gidan ba,
takan zaga ta bayan madafa.
Ta zagaye motar sau ɗaya, a hankali, tana riƙe bakin mayafi.
Ta ce, ba shi ba ne.
Nasa ya fi kama da kogi bayan kaka, in laka ta kwanta.
Wannan na sama ne.
Na ce, Inna, bai bushe ba,
amma ta riga ta ɗora babban yatsa
daidai kan lotsawar bijimi.

Gobe Bara'u zai zo da samfefa mai laushi,
mu goge hawayen, mu cire ƙudan.
Na ce masa kar ya je wajen ƙofar hagu.
Inji bai tashi ba tukuna, tayoyi sai an sayar da albasa.
Inna kuwa tana can bakin randa
da toka da sabulu,
shuɗi ya hau kan lalle ya ƙi fita,
ita ma ba ta cuɗawa da ƙarfi.